Ranar da Na Je Bikon Kakata

A lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi, ɗalibi mai yawan shiru da kunya, wanda ko kuskuren wasali ɗaya ya gani a rubutunsa sai ya sake shafin. Sai ga shi na faɗi wani darasi, aka ce in na sake faɗuwa za a sallame ni. Na koma ƙauyenmu da ke wajen Kunci hutu da wannan nauyi a ƙirji, ban gaya wa kowa ba.

Kakata ta wajen uba mijinta take kirana, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika, kuma kullum cikin tsokanata take. Wata rana da hantsi tana ɓarar gyaɗa, ina karatu a inuwar rumbu, ta ce ramar da na yi ta ishe ta, za ta kai ƙara wajen mai unguwa a sauya mata miji mai tsoka. Matan gida suka yi dariya. Ni kuwa na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce ni ba abokin wasanta ba ne.

Ba ta yi faɗa ba. Daga ranar ta koma kirana Malam, tana gaishe ni kamar baƙo. A nan na gane ashe 'yar dariyar nan ce kaɗai ke sassauta mini. Ciwon kai ya sa ni gaba, in karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba. Bayan kwana tara na samo goro, na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce na zo biko. Ta jujjuya goron, ta ce ƙanana ne, amma tunda manema sun yi ƙaranci za ta haƙura. Na yi dariya har da hawaye, a cikin hawayen na faɗa mata gaskiya. Ta ce in riƙa karanta mata da ƙarfi, in ta yi gyangyaɗi laifin littafin ne. Haka muka ƙarasa hutun, kuma da yardar Allah na ci jarrabawar.

Na ɗauka damuwa sai da ɗaure fuska ake nuna an ɗauke ta da muhimmanci, ashe ɓoye ta da ɗaure fuskar su suka kusa kayar da ni. 'Yan'uwana ɗalibai, in kuna cikin matsi, kada ku huce a kan mai ba ku dariya. Ni na tarar da tawa da rai har na nemi gafara. Ba kowa ke samun wannan ba.