Waƙar Faretin Hedimastanmu

A firamarenmu ta Bakura, da waƙa ɗaya muke shiga aji kowace safiya, muna buga ƙafa, muna rera cewa a wanke ido a zo makaranta da wuri. Duk mun ɗauka hedimastanmu ne ya ƙirƙiro ta. Da na fara koyarwa a Maradun, haka na riƙa gaya wa ɗalibaina, har da bugun ƙirji.

Bara, a wani shago a Talata Mafara, na ga sojojin Amurka a talabijin suna rera karinta da Turanci. Na tashi da faɗa, na ce sun sace mana waƙa. Ɗiyata mai karatun tarihi ce ta zaunar da ni a gida. Ta ce tun yaƙin basasarsu suke yin ta. Wata mata ce ta ji sojoji na rera karin, ta sa masa sababbin baitoci, kuma har yau ba su gaji da ita ba.

Sai gabana ya faɗi. Ashe malamina ne ɓarawon?

Na je Bakura na same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai. Bayan mun gaisa, na kwashe labari na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, yaushe nic ce tawa ta? Wurin kawuna, tsohon soja, nij ji ta. Ni dai wanke idon nis sa mata."

Na sauke ajiyar zuciya. Malam bai taɓa yi mana ƙarya ba. Ni ne na shekara talatin ina zuba ƙaryar a madadinsa.