Kunyar Ɗan Fari a Fim ɗin Kaboyi

In ka tambaye ni wane tsohon fim ɗin Amurka za ka kalla, zan ce ka nemi na kaboyi, marar kala, wanda dawakai suka fi motoci yawa. Ni ba gwanin kallo ba ne. Baba ne ya ja ni.

Ni ne ɗan farinsa, shi kuwa mutumin da ne, bai taɓa kama sunana ba. Daga "kai" sai "wancan". Ƙannena su haye cinyarsa, ni ko a gona sai ya kama wani ɓangaren daban. Na san al'ada ce, amma sani ba ya hana ciwo. Har furfura ta fito min a gemu ban tabbata mutumin nan yana ƙaunata ba.

Yana saurayi ya yi cin rani a Kano, can ya koyi shiga silima. Akwai wani fim da ya ishe mu da zancensa. Ni ba ya gaya min kai tsaye, sai ya fuskanci ƙanena ya ce, "A gaya wa wancan, tunda ya yi boko, ya nemo ya kalla." Ina zaune a wurin fa!

Sunan fim ɗin ma bai sani ba, sai kwatance: dattijo mai jan ƙafa, da saurayi, da garken shanu. Bara, bayan an yanke gero, na dace da shi wurin masu tura finafinai a waya a Ɗambatta. Da la'asar muka zauna a zaure ni da Baba. Wayar ƙarama ce, dole ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Ba a yi nisa ba na gane Baba ya fahimci labarin a baibai. Turancin a fili yake: dattijon da saurayin ba dangin iya, ba na baba, ɗan ƙwadago ne kawai dattijon ya ɗauka a hanya. Na buɗe baki zan nuna malanta, sai Baba ya miƙa yatsa.

"Ka ga wannan? Ɗan farinsa ne. Lura, tun ɗazu bai kira sunansa ba, ba ya ma cin abinci tare da shi. Ashe Turawa ma sun san kunya."

Na haɗiye maganata. Can aka auna saurayin da bindiga, dattijon ya jawo ƙafarsa ya tsaya a gabansa. Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "To, haka abin yake. Baki ne kawai ba ya iya faɗa."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kai da kake jin yarensu, ba haka ba ne?"

Wallahi ban taɓa gode wa Allah a kan kuskuren wani ba kamar ranar nan. Na ce, "Haka ne, Baba. Ɗansa ne."