Falle Bakwai na Littafin Kakana

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma ranar da na cakuɗa littattafan kakana da hannuna, ina ganin gyara nake yi, ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata makaranta a Ƙanƙara. Na sayi sabuwar waya mai ɗaukar hoto tangaran, sai kaina ya fasu. Duk inda aka zauna sai na kawo zancen cewa zamanin littafin takarda ya wuce, tunda ga littafi ɗari a aljihuna, gara ba ta ci, ruwa ba ya jiƙawa. Na dami mutane har abokan aikina suka laƙaba mini Shehin Waya, ni kuwa ina jin daɗi, ban san zolaya ba ce.

Kakana malami ne a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Ya rasu ya bar littattafai uku da ya rubuta da hannunsa cikin ajami: ɗaya na waƙoƙin wa'azi, ɗaya na asalin zuriyarmu, ɗaya kuma na magungunan mutane da dabbobi. Babu kwafinsu ko'ina a duniya. Suna hannun Baffa, ƙanen mahaifina, wanda a lokacin ganinsa ya fara rauni. Shekarar kuwa babu zaman lafiya a yankinmu, kullum sai ka ji mutanen wani ƙauye sun kwashe kaya sun gudu. Hankalina ya ƙi kwanciya, ina ta tunanin in gudu ya kama, wa zai tsaya ɗaukar takardu.

Ranar wata Juma'a na je gida na gaya wa Baffa ina so in ɗauki hotonsu in adana a waya. Bai ƙi ba. Cewa ya yi, "Gobe za ni garin Sabuwa ta'aziyya. Ka bari in dawo mu zamna tare, wanga aiki ba na mutum guda ba ne." Na ce to, amma a zuciyata ina cewa tsofaffi dai ba su rabo da jan rai. Litinin ina da aji, kuma me ke cikin ɗaukar hoto da sai an tsaya a kaina?

Washegari, ƙarar babur ɗin da ya ɗauke shi ba ta gama ɓacewa ba na shiga ɗakinsa na jawo akwatin da littattafan suke ciki. Kowane littafi yana cikin gafakarsa ta fata, kuma ba ɗinkakke ba ne, takardu ne falle-falle a jere. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake, na baje duka ukun don aiki ya yi sauri. Na riƙa tsintar masu baƙin tawada ina ɗaukar hotonsu, waɗanda suka dusashe na bar su sai rana ta ɗaga. Duk wadda na gama sai in ɗora ta a kan tsibi ɗaya. Kafin azahar na kammala, har ina yi wa kaina kirari.

Da na zo mayarwa sai na duba saman takarda in ga lambar shafi. Babu. Na duba ƙasa, na juya baya, na ɗauko wata, na sake ɗauko wata. Ko ɗaya ba ta da lamba. Rubutun hannu ɗaya ne, tawada ɗaya, girman takarda ɗaya, ni kuma ajamina bai wuce tsintar baƙaƙe ba. Na yi wuf na buɗe wayar, wai ita za ta fishe ni. Ashe yadda na tsince su a hargitse, haka ta jera su a hargitse.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofar gida, in dawo in sake juya takardun kamar lambar za ta tsiro. Har na yi tunanin in raba su uku in cusa a gafaka in kama hanyar Ƙanƙara. Inna, matar Baffa, ta ajiye mini fura ta ce, "Kai kuwa lahiya kake ta safa da marwa?" Na ce lafiya lau. Furar nan har ta tsinke ban taɓa ta ba.

Bayan la'asar Baffa ya dawo. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya zauna ya daɗe yana shafa tsibin takardun da tafin hannu.

"Duka ukun?"

"Duka, Baffa."

"To ita wayar taka, ba ta san jerinsu ba?"

Wallahi da ya tsinka mini mari da ya fi mini sauƙi. Sai ya ɗauki falle ɗaya ya kai shi dab da idonsa, ya nuna mini wata kalma ita kaɗai a can kusurwar ƙasa. Ya ce da ita takarda ta gaba take farawa, haka malamai ke jera littafi. Na ga kalmomin tun da safe, na ɗauka gwajin alƙalami ne.

Na nemi izini a makaranta, muka zauna kusan mako biyu muna aiki. Ni ne idonsa, ina tsinto baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana gane kalmar. Inda gara ta cinye kusurwa, sai ya rufe ido ya jawo baitin da ka, in nemo takardar. Waƙoƙin suka haɗu, tarihin zuriya ma ya haɗu. A littafin magani muka maƙale. Falle bakwai suka rage, kusurwarsu a cinye, ɗauke da sunayen saiwoyi da yadda ake jiƙa su, amma sunan cutar yana wata takardar da ba mu san wace ce ba. Na ce ya gwada tunawa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, magani ba a yi mashi kintace. Wanda ya sani yana ƙasa. Ni jerin na tsare shekara da shekaru, ban haddace ba."

Sauran mun sake ɗaukar hotonsu a jere, yana faɗa ina ɗauka. Da damina ta zagayo iyalinmu suka koma Faskari, ba a daɗe ba Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Falle bakwai ɗin suna nan a wurina, a takarda da kuma a waya, hotonsu fes, ba su da amfani ga kowa.

Har gobe ina goyon bayan a ɗauki hoton littattafanmu a adana, ko na ɗakin karatu ko na cikin akwatin tsofaffi. Amma na daina cika baki cewa waya za ta maye gurbin komai. Abin da na koya shi ne, na'ura tana adana abin da ka ba ta ne kawai, har da wautarka. In za ka taɓa tsohon littafi, fara zama da wanda ya san shi. Yini ɗaya kacal aka ce in jira na kasa, abin da gara ta bari shekaru masu yawa ni na ƙarasa shi kafin azahar.