Kitsen da Na Shafa wa Tiyon Motar Baba

Ranar wata Talata ce da hantsi, cikin bazarar shekarar da aka fara sako ruwan Bakolori cikin kanal, ina aji uku a firamare. Garin Mafara ya cika da 'yan kasuwa, amma motar Babanmu tana ƙofar gida ta ƙi tashi. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ruwan toka, ta girme ni nesa ba kusa ba. An loda mata nama za a kai wa masu dafa wa leburori abinci ta wajen Bakura. Yayyena suka yi ta turi har suka jiƙe sharkaf, ko tari ba ta yi ba. Baba ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sai ga yashi ya sha fetur ya ƙoshi. Ya zaro tiyon roba da ke kai mai daga tanki zuwa inji, ya ga ya huje wuri uku. Karo na biyu ke nan cikin sati biyu.

Mu mahauta ne tun kakanni, kuma a gidanmu kitse maganin komai ne. Ƙofa ta yi kuka, kitse. Ƙafa ta yi faso, kitse. Gugan fata da muke jan ruwa da shi, da kuben wuƙaƙen Baba, da takalmansa, duk aikina ne in shafe su kada zafi ya tsattsaga su. In na taso makaranta na yi shara, na taya Inna surfe, sai in ɗauki ɗan kaskona in bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake ni in tafi carafke. Inna takan ce, "Kulu dai in ta shafa wa abu kitse, sai ya shekara yana godiya." Wannan yabo shi ya kumbura mini kai.

Mai gyaran motar shi ne Kawu Mani. Ba mu haɗa jini ba, amma tare suka tashi da Baba, kuma kullum bayan magariba akushi ɗaya suke sa hannu a zaurenmu. Da tsohon bututun motar ya ruɓe, sun kwana biyu suna musu a kan wanda za a sa. Baba na son na ƙarfe, shi a ganinsa ƙarfe ne abin namiji. Kawu Mani ya ce hanyar Janbako da Baba ke bi sayen shanu duk gargada ce, ƙarfe ba ya lanƙwasa, girgiza za ta tsaga shi, roba kuwa tana bin motsi. Aibinta ɗaya, zafi na busar da ita ta tsage. Ina kawo musu ruwa na ji wannan maganar, na ce a raina, ashe ciwon da na san maganinsa ne! Aka sa roba. Washegari na rarrafa ƙarƙashin motar, inda dama muke fakewa da rana mu yi 'yar tsana, na bi tiyon nan na shafe shi tas. Da ya huje aka sa sabo, na ce wataƙila wancan bai ji sosai ba, na ƙara masa fiye da na farko. Ban gaya wa kowa ba, jira nake a ga ya yi ƙarko in fito in karɓi yabo.

To, a wannan Talatar aka kira Kawu Mani. Ya juya tiyon a hannu ya ce ɓera ne ya ci. Baba, da namansa ke shan rana, ya harzuƙa. "Mani, ɓeran da ya bar rumbu cike da gero ya zo cin roba mai warin fetur? Ka ce dai ruɓaɓɓen kaya ka sa mini!" A gaban maƙwabta ya faɗi haka. Kawu Mani ya ajiye tiyon a kan mota ya juya. Ni kuwa nan take na gane aikina ne, domin na san ɓerayen gidanmu sarai, ko kaskona na manta ban rufe ba sai sun lashe shi ƙal.

Jakuna aka nemo suka kai abin da suka iya ɗauka na naman, sauran aka yi kilishi. Wannan bai dame ni ba kamar zaure. Magariba ta yi, Baba ya ci tuwonsa shi kaɗai, ya bar rabi. Haka aka yi kwana huɗu. Ya fara cewa zai kai motar wani gareji a sa mata ƙarfe, shi ya gama da Mani. A makaranta malam na karatu ina zare ido, ko gaɗa na kasa shiga. Wallahi tsoron bulala nake ji, amma ganin akushin nan yana dawowa da saura ya fi bulala ciwo.

Rana ta biyar da safe Baba na wasa wuƙa a tsakar gida, na tsuguna nesa kaɗan, inda hannu ba zai kai ba, na faɗa masa komai ina kuka. Ya dakata. "Mi kika ce kin shafa?" Na ce kitse. "Har sau biyu?" Na ce na biyun ma ya fi yawa. Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Baba bai yi dariya ba, bai kuma taɓa ni ba. Ya ajiye wuƙar ya ce, "Ke laifinki na ƙauna ne. Nawa ne babba."

Ya sa hula, ya kama hannuna, muka taka har garejin Kawu Mani. Na zaci zai ja shi gefe. Ina! Sai da ya kira masu faci da direbobin da ke wurin, ya ce a gaban mutane ya ƙaryata Mani, don haka a gaban mutane zai ce Mani ne mai gaskiya, ya kuma roƙe shi ya yafe masa. Kawu Mani ya ji labarin kitse ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Ɗiyar mahauta! Saura kaɗan ki soya muna motar!" A ranar suka raba gardama. Aka shimfiɗa bututun ƙarfe a tsawon ƙarƙashin motar, aka sa guntuwar roba a kowane baki inda girgiza ta fi yawa, ni kuma aka yi mini iyaka da motar. Da magariba na kai tuwo zaure, akushi ya dawo wayam.

Yanzu jikokina in mota ta lalace waya suke bugawa, wanda zai gyara ma ba su san sunan ubansa ba. In an saɓa, sai kowa ya goge lambar ɗan'uwansa, shi ke nan an rabu. Baba da Kawu Mani sun ƙara shekaru masu yawa suna musu a zaure ɗaya, kuma Kawu Mani ne ya yi wa Baba wanka ranar da ya rasu. Na kan tuna yadda hannun Baba ke gumi cikin nawa a hanyar garejin nan. Ashe shi ma tsoro yake ji, amma ya tafi.