Kawu Kalanda Ya Shiga Ruwa

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma direban bas ne na cikin gari tun yana saurayi har kansa ya yi furfura. Da ya ajiye aiki sai ya rasa fasinjan da zai yi wa faɗa, ya juyo kan mutanen layinmu. Ya kafa benci a ƙofar gida, tsakanin shagon tela da na mai aski, duk wanda ya gifta sai ya samu shawara kyauta, ko ya nema ko bai nema ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Kalanda. In ka manta lokacin da ake ciki a shekara, ka bi ta gabansa kawai.

Da hadari ya fara haɗowa zai ce a yashe kwata, a ɗora ƙafafun gado a kan bulo, a hau a duba kwanon rufi tun ruwa bai duba maka ba. Da sanyi ya shigo sai ya koma kan safa da man shafawa, da gargaɗin kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe taga. Amma lokacin zafi ne kakarsa. A jiƙa labule a rataya a taga, a ajiye kwanon ruwa a gaban fanka, kada a fita da tsakar rana cikin baƙar riga. Shawarwarin suna aiki, ban da shekarar da ya jiƙa sabon labulen Inna, matarsa, rinin ya bi bango ya sauko.

Yana da labari guda da ba ya gajiya da shi: yadda yake ƙetare kogin ƙauyensu da iyo, kayansa a ka, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Kogin kuwa ƙara faɗi yake duk shekara. Mahaifiyata, wadda suka tashi tare, ta ce ita dai rijiya ta sani a ƙauyen.

Wata bazara da zafi ya kai zafi, hukumar gari ta gyara tsohon wurin ninkaya da ke lambun shaƙatawa, aka ware safiya domin dattawa maza. Tela ne ya kawo labarin, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Kalanda, albishirinka. Sun ce ba su da malamin dattawa, mun ba da sunanka."

Kawu ya yi tari. "Sunana? Ai ni ruwan kogi na saba da shi, mai tafiya. Wannan a tsaye yake."

"Ya ma fi sauƙi ke nan," in ji mai aski daga cikin shago.

Da ya shiga gida, Inna ta ajiye tsintsiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai da ko a banɗaki in ruwa ya taru sai ka dafa bango?"

"Ke dai nemo mini usur a kayan yara."

Haka ya fara koyarwa. Da yamma yakan je ya tsaya bayan shingen wayar wurin, kamar mai shan iska, yana kallon yadda ake koya wa yara. Da safe sai ya zo da hula da usur da gajeren wando mai kai wa ƙwauri, ya kwanta rub da ciki a kan benci a bakin ruwa, yana jan iska da hannu, yana dukanta da ƙafa. Ɗalibansa kuwa, tela da mai aski da mai sayar da katako da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, suna ciki suna kwaikwayo.

Abin mamakin shi ne sun koya. Tela, da yake ba shi da nauyi, shi ya fara tashi a kan ruwa. Mai katako ya biyo baya, yana tafe yana huci kamar bas a kan tudu. In sun ce malam ya shigo, ranar mura yake yi. Gobe kunne ne. Daga baya ya samu dalilin da ya zauna: "Direba yana komawa kujerar fasinja ne? Daga nan nake ganin kowa."

Ranar da abin ya faru, yana tafiya ne da baya da baya a gefen ruwa, yana yi wa mai aski tsawa a kan yadda yake buɗe baki. Ya taka jiƙaƙƙen silifa. Hula ta yi gabas, usur ya yi yamma, Kawu ya faɗa ciki tsundum.

Ihun da ya yi har masu shara a lambun suka ji. Yana dukan ruwa, yana salati, yana kiran Inna da sunan da ba mu taɓa jin ya kira ta da shi ba. Mai kula da wurin ya taso a guje. Amma tela, da yake kusa, ya tsaya kawai ya ce, "Malam, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iya ƙugunsa.

Kawu ya share fuska, ya gyara murya. "To, kun ga yadda ake nutsewa. Kada wanda ya yi haka."

Mai aski ya yi dariya har ya sha ruwa, sai da aka bubbuga masa baya.

Kwanaki bencin ƙofar gida ba kowa. Kawu yana ɗaki, ya ce jikinsa ne. Layin ya yi shiru, har mai shagon kayan sanyi ta aiko a tambaya ko lafiya, don ta saba da a riƙa gaya mata ta matsar da firji daga jikin bango.

Sai ga ɗaliban nan sun yi sallama wata safiya, kowa da tawul a kafaɗa.

"Kalanda," in ji tela, "mu dai da ba mu iya iyo ba, kai ka koya mana. Tashi mu rama maka."

Kawu ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tsoron ruwan nake ji. Tun ina yaro."

"Mu ma da shi muka fara," in ji mai katako.

Ya bi su. Tela ya tallafe cikinsa, mai katako ya riƙe ƙafafu, shi kuma yana tsakiya yana ba su umarnin yadda za su riƙe shi daidai. Ya sha ruwa mai yawa a makonnin nan, amma bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Da damina ta matso aka shirya tseren rufe wurin, Kawu ya sa kansa a na dattawa. Rabin layinmu muka je, har da Inna da mahaifiyata. Sauran sun isa, sun fito, sun goge jiki, mai aski har ya sa riga, Kawu yana tsakiyar ruwa yana ta fama, kansa a sama kamar mai neman wani a kasuwa. Ba wanda ya tafi. Da yatsunsa suka taɓa bango, wurin ya ɗauki tafi da shewa, na ga mahaifiyata tana goge ido da gefen mayafi.

Aka jawo shi waje yana haki. Da numfashinsa ya dawo, ya nuna layin da ya bi, ya ce wa mai kula da wurin a auna shi, don shi a ganinsa ya fi na sauran tsawo.