Laminu da matan da ba su san ranar haihuwarsu ba

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa a Tasawa, amma har yau in bazara ta kama, zama ba ya yi mini daɗi. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki salula in ajiye. Bana dai na ce gara in rubuta, ko zuciya ta kwanta.

Ni ungozoma ce. A wancan lokaci ina aiki a wata ƙaramar asibiti ta karkara a yankin Mayahi. Laminu kuwa rubuta manhajar ordinata, wato kwamfuta, ce sana'arsa. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane gyaran rediyo yake yi, ni ma ban fi ta ganewa ba sai ranar da aikinsa ya shigo cikin nawa.

An kawo mana manhajar rajistar masu juna biyu. Duk wadda ta zo awo sai an cika sunanta da ƙauyensu da rana da wata da shekarar haihuwa, in ba haka ba na'ura ta ƙi karɓa. To, matanmu nawa suka san ranar? Mai takarda ma, "wajajen shekara kaza" aka rubuta mata. Sai muka riƙa sa wa kowa ɗaya ga watan farko. Ana nan sai Hauwa biyu daga wani ƙauye kusa da Attantane, sunan uba ɗaya, shekara ɗaya, suka zama mutum guda a cikin na'ura. Ɗayarsu ta taɓa zubar da jini sosai wurin haihuwa, an rubuta lallai ta haihu a babbar asibiti. Bayanin ɗaya Hauwar ya hau kan nata, gargaɗin ya ɓace, ni kuma na sallame ta. A amalanke aka dawo mini da ita, zane ya jiƙe sharkaf. Ta rayu, amma da ƙyar da jiɓin goshi.

Da na gaya wa Laminu, washegari ya hau kabu-kabu ya zo. Ya daɗe yana duba na'urar, sannan ya ɗago kai.

"Yaya, ke mace guda kike gani, da cikinta da 'ya'yanta. Rumbun bayanai kuwa layuka da gidaje kawai ya sani. Tsakaninsu akwai wani tafinta: in za a ajiye ta, shi ke rarraba ta cikin layuka, in an neme ta ya harhaɗo ta. Wanga tafinta bai san 'wajajen' ba."

Na ce, "Wa ya yi shi, mu kai ƙara?"

Ya yi dariya. "Mutane ne barkatai a duniya, kuma a buɗe suka bar shi. Kowa na iya karantawa, ya gyara. Ba ƙara za mu kai ba, gyara za mu kai."

Watanni ya yi a kai. Ya rubuta ƙarin da zai bari a sa shekara kaɗai, a nuna ƙiyasi ce, don kada a sake haɗe mutum biyu saboda ranar da aka ƙirƙira musu. Ya gwada a asibitinmu, ya yi. Sai ya aika wa masu kula da tafintan don a sa cikin na kowa. Suka ce matsalar ƙaramin wuri ce. Bai yi fushi ba, amma bai saki ba. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a Tasawa sai ya ɗauki ordinatarsa ya nemi shagon mai injin wuta, ya ci gaba da musu da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Yakan ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Shi dai bai sha romon ba: sanƙarau ya kama shi, kwana huɗu ya cika.

Bayan sadakar arba'in matarsa Rabi ta kawo mini salularsa, saƙo ya shigo da Turanci. Abokinsa Sani ya karanta mana: masu kula da tafintan sun yarda, sai dai ya gyara wani ɗan wuri. Sani ya rubuta musu cewa mai aikin ya rasu. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa, wadda ta ce kakarta ma ba ta san ranar haihuwarta ba, ita ta ƙarasa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne yau. An canza mana manhaja har sau biyu. Ta yanzu a rufe take, ba mai leƙa cikinta, kuma ta koma neman rana da wata. Na koma sa ɗaya ga watan farko da hannuna, ina ƙara laƙabi bayan suna don in bambance mata. Da yana nan mi zai ce? Sani ya ce mini yanzu akwai na'urorin da ke rubuta manhaja da kansu in ka faɗa musu abin da kake so. Ina jin Laminu zai yi murna, sannan ya tambaya: wa zai gaya musu yadda matan ƙauye irin Gidan Amumune ke ƙirga shekarunsu da yunwa da fari da shekarar da aka haƙa rijiya? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wani abin kuma, ga mafi kyawun aikin ƙanena a buɗe ga duniya, ni da na goya shi ban iya karanta layi ɗaya ba.

Bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Kwanan baya na tambayi limamin unguwarmu ko irin wannan rubutu na shiga cikin sadaka mai gudana. Ya ce, "Hajiya, ana amfani da shi?" Na ce ana yi, a wuraren da ban sani ba, amma ban da nan. Ya ce, "To ladarsa na isa gare shi. Saura ku da kuke raye."

Allah ya jiƙan Laminu. Wasiƙar da na rubuta wa manyanmu kan a gyara manhajar nan, gobe da safe zan kai ta Mayahi da kaina.