Butar Malam a Ɗakin Sanyi

Ni ban yi karatu ba. Matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Malam, mijina, mahaƙin rijiya ne. Ina fita takabarsa ɗana ya zo Kano ya ɗauko ni zuwa Guangzhou, inda yake koyar da masu karatun injiniya. A unguwar Panyu muke zaune. Shekarar wasannin Olamfik ce, ko'ina tutoci, 'yan kasuwarmu masu saro kaya a kasuwar Shahe suna ta kukan biza ta yi wuya. Ni duk bai dame ni ba. A kayan Malam abu ɗaya na riƙe, butarsa ta ƙarfe mai lotsawa a gindi. Da cikinta ɗaya yake alwala biyu. In yara suka yi ɓarnar ruwa ba ya duka, guga da igiya yake miƙa musu.

Wata rana matar ɗana ta nuna mini hoto: dutse fari fat, mutane sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna gangarowa.

"Inna, a kan wannan ne baban yara yake aiki. Can arewa ne. In ƙanƙara ba ta sauka ba, sai a jawo ruwan kogi da na rijiyoyi, inji ya fesa shi ya daskare."

Na ce, "Daga nan fa?"

"Sai su gangaro."

"In sun gangaro?"

"Su koma sama su sake."

Sulu ke nan. Ƙatti da gemunsu suna sulu a kan ruwan shan mutane, kuma ɗan Malam ne ke koya wa yara yadda ake yi. Ta so ta ƙara bayani, na tashi na shige ɗaki. A makon nan kuma na nemi butar na rasa. Na ce shi ke nan, ɗana ya ga tsohon ƙarfe ya zubar, ya haɗa da tarbiyyar ubansa.

Ban iya tambayarsa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in tsare shi da magana. Kuka kawai nake yi. Na ce wa matarsa akwai wata Bakanuwa mai sayen wandunan jins a Xintang da za ta koma gida, zan bi ta. Ba ni da kowa a can sai kabarin Malam, amma na fi son can da cin abincin wannan aiki.

Da safe ya tsaya a bakin ƙofata. "Inna, ki shirya, yau za ki raka ni makaranta."

Na dubi bango na ce, "A gaya wa mai magana ba ni da abin yi a can."

Matarsa ta tuntsire da dariya. "Ya ji da kunnensa, Inna. Ga mayafinki."

Muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa. A makarantar aka sa mini wata ƙatuwar riga, aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna nihau, gaisuwarsu ke nan. A tsakiyar ɗakin sun gina ɗan dutse na laka, bai fi gado girma ba, sun yi masa magudanai har ƙasa. A kan tebur kuma ga butar Malam.

Wata yarinya ta ɗauke ta da hannu biyu ta cika, ta juye a wani ɗan inji, ya fesa, dutsen ya fara yin fari. Matar ɗana tana raɗa mini: kowane rukuni buta ɗaya ake ba shi ya rufe dutsen. Bayan nan a kashe sanyin, ƙanƙarar ta narke ta bi magudanai zuwa bokiti, a mayar cikin butar. In ruwan bai cika butar ba, a rage musu maki.

Wani dogon ɗalibi ruwansa ya ƙare, rabin dutsensa na nan baƙi. Ya miƙo butar yana marairaicewa. Ɗana ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wannan kalmar na san ta a kasuwa, babu ke nan. Har muryar irin ta Malam. Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba, ta farko tun rasuwarsa.

Ɗana ya matso, idonsa a ƙasa. "Inna, duwatsun can ruwan ƙauyuka suke shanyewa. So nake yaran nan su iya mayar wa mutane abinsu. Butar kuma, na ji tsoron in na roƙa ki yi kuka."

Na ce wa matarsa, "Gaya masa ai ga shi ina yi."

Na yi kuwa, sosai, a gaban 'ya'yan mutane. Amma ƙirjina ya yi sakayau.

Bakanuwar ita kaɗai ta tafi. Butar kan bi shi makaranta da safe, ya dawo mini da ita kafin magariba, da sauran sanyi a jikinta. Har yau in na ɗauke ta sai na yi hawaye. Sulun dai har gobe ban gane amfaninsa ba.